Inda Hannun Inna Ya Tsaya

Zuwa ga Angon Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya. Ya aiki, ya mai jiki? Shekaru sun ja amma har yau ango kake a bakina, sai haƙuri. Ta wurin aikinka na aiko wasiƙar nan, don na san wayarka ta fi zama a hannun Yaya fiye da aljihunka. In ka karanta ka yaga.

Inna ta faɗi. Da hantsi ne, tana bakin taga tana saƙa shawul ɗin jaririnku, ina wanke-wanke na ji ƙarar kwarashi a kan siminti. Ka san Inna ba ta sakin kwarashi ko barci ya sace ta. Likita ya ce shanyewar ɓarin jiki ce, ɓarin hagu kuwa, ga Inna bahaguwa. Baki ma ya tafi, da ido kawai take bin mu.

Don Allah kada Yaya ta ji. Kai ka ce mini jininta ya hau, likitarta ta ce ta kwanta har ta sauka, ko mutuwar kaza kada a gaya mata. Daɗewar da kuka yi kuna jiran cikin nan, da waɗanda suka zube a baya, ba sai na tuna maka ba. Abin da zai rufa mana asiri shi ne kunnen Inna ya daɗe da raba ta da waya, da ma saƙa ce gaisuwarsu, wannan ta aika hula waccan ta maido da safa. Hula da safar jaririn an gama, zan aiko. Shawul ɗin ne ya tsaya. Daga tsakiya take faro shi tana zagayawa, yanzu bai wuce faɗin matashin kujera ba. Yana nan cikin kwando, kwarashin soke a dunƙulen zare.

Ka sa ta a addu'a.

Ƙanwarka,
Auta

Zuwa ga Angon Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri, ya ƙoƙari? Na gode da ta'aziyyar da ka yi mini a sace. Ina jin ƙarar motoci na san bakin titi ka fita don kada ta ji. Allah ya jiƙan Inna, ya bar zumunci.

Gidan ya yi mini girma. Duk inda na juya hannunta ne: rufin tebur, rigar butar shayi, 'yar jakar sabulu a banɗaki, har talabijin sai da ta saƙa masa mayafi. Da muna yi mata dariya muna cewa in mutum ya daɗe a zaune shi ma za ta saƙa masa murfi. Yanzu ko ƙura na kasa kakkaɓewa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne kiran Yaya. Kullum sai ta ce in gaishe da Inna, ni kuma in ce tana amsawa. Sannan ta sako maganar shawul. Wai Inna ba ta taɓa jan aiki haka ba, ko lafiya? Na ce zare ya yanke a kasuwa. Na ce idonta ke ruwa. Ƙarya fure take, kuma tawa ta kusa kaɗewa, shi ya sa na ɗauki kwarashin na ƙarasa da kaina.

Na sha wuya, Ango. Hannun Inna a matse yake, nawa kuwa cewa take kaza ma sai ta shige ta idon saƙata. Na ja zare har yatsana ya tsage. In na yi zagaye in warware, in sake, har sai da ya zo daidai da nata. Na kai wa maƙwabciyarmu, wadda ita ma gwana ce, ta juya ta juya ba ta ga mahaɗa ba. Na wanke shi da sabulun Inna, na ninke shi irin ninkinta. Ga shi nan tare da wasiƙar. Ka miƙa mata da fara'a, ka ce Inna ta ce Allah ya raba lafiya.

Taka,
Auta

Zuwa ga Yayata,

Ina gaishe ki, ya jiki, ya ƙarfin hali? Kin ƙi ɗaukar wayata, kuma ban ga laifinki ba. Takarda dai ba ta da muryar da za ta ɓata miki rai, in kin so ki karanta.

Ango ya gaya mini yadda aka yi. Ya ce kin rungume shawul ɗin kina shinshinawa kina dariya, sannan kika shimfiɗa shi wajen haske kika ɗora yatsa a tsakiya kina bi zuwa waje. Sai yatsan ya tsaya. Ba ki tambaye shi ko Inna lafiya ba, cewa kika yi yaushe ta rasu.

Sai da ya faɗa na gane wautata. Bahago ta hagu yake zagaya saƙa, idon saƙarsa ya kwanta gefe guda, na mai dama ya kwanta ɗaya gefen. Ke a gefen Inna kika zauna kika koya, hannunku ɗaya. Ni a gabanta ta zaunar da ni ina kwaikwayo kamar madubi, ban taɓa lura cewa juya mata baya nake yi a kowane zagaye ba. Na kashe kaina wajen matse hannu, na bar abin da ko a duhu za ki gane da lalube.

Don in tsare miki cikin nan na ɓoye, Yaya, ga shi da hannuna na aiko abin da ya tayar miki da naƙuda lokaci bai yi ba. Ango ya ce mace kika haifa, tana kwalbar bakwaini, likitoci ba su ce komai ba tukuna.

Ya kuma ce da kika farfaɗo almakashi kika fara nema. A kan gadon asibiti kika warware duk abin da na ƙara, kika ɗaure zaren daidai inda hannun Inna ya tsaya, kika roƙi nas ta lulluɓa wa yarinyar. Wai ya rufe ta ruf daga wuya har tafin ƙafa, har da ragowa. Nan na zauna a ƙasa na yi kukan da ban samu na yi ba ranar da aka fita da Inna.

Alfarma ɗaya nake nema. Zaren da kika warware, kada ki yar. Na sa miki kwarashin Inna a cikin ambulan ɗin nan. In Allah ya raya ta ta fi ƙarfin wanda kakarta ta saƙa, ke ki ɗora daga inda ta tsaya. Roƙona dare da rana shi ne shawul ɗin nan ya yi mata kaɗan.

Ƙanwarki, ko kin yafe ko ba ki yafe ba,
Auta