Yatsun Baba

Gwaggo Rabi,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau. Ya jiki, ya yara da mutanen gida?

Akwai abin da ban faɗa wa kowa ba. Likitocin Kano suna gwada wa Baba sabuwar allura, ko jijiyoyin hannunsa da ya shanye za su farfaɗo. Ni suka sa in riƙa duba hannun kullum da safe. Ran Laraba na ce wa Inna ya damƙe zaren komarsa ta kamun kifi. Gwaggo, ni na lanƙwasa masa yatsun. Inna har ta raba waina sadaka.

Na gaji. Ran Litinin zan faɗa wa likita gaskiya. Inna kuwa, ban iya ba tukuna.

Ki sa mu a addu'a. A gaida su Hafsatu.

'Yarki Ummi,
Bebeji