Yaron Nan Ya Daina Neman Idona

Zuwa ga Inna, a Bilbis.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da Baba. Nan Damba maigidan lafiya lau. Mahaifiyarsa, Hajiya, ƙafa ta matsa mata, ta je Bunguɗu neman magani. Yaron nan yana shan nono, yana barci, jikinsa ba zafi. Ni ce dai ban san yadda nake ba. Da hannuna na rubuta, abin da na koya a ajin manya, ki yi haƙuri da karkacewarsa.

Inna, na yi yadda kika koya mani. Ɗan fari ne, ba na kiran sunansa, ba na yi masa wasa gaban mutane. Duk zaman da Hajiya ta yi nan, in ya tsura mani ido yana shan nono, sai in kau da kai. Har yaba mani ta yi, ta ce an san gidan da na fito.

Da ta tafi, daga ni sai shi, na ce bari in dube shi sosai. Sai shi ya kau da kai. Bango yake kallo. Amma babansa, da ba ruwansa da alkunya, yana yin sallama yaron zai hau harba ƙafa yana gwaranci.

Babansa ya ce jariri bai san komai ba, hularsa yake yi wa dariya. Malamar asibiti kuma, ranar rigakafi, ta ce jarirai tun suna tsumma fuskar uwa suke karantawa. To wa zan bi? In karatu yake, me ya karanta a tawa? Fushi ne? Ko ya ɗauka haka ake yi?

Na tuna ranar da kunu ya ƙone mani hannu. Goggo, ƙanwar Baba, ita ta ɗauke ni. Ke kina bakin murhu, kin ba ni baya, don ni ce ta fari. Sai da na girma Goggo ta faɗa mani ranar ko loma ba ki kai baki ba. Ni na samu mai faɗa mani. Shi ko magana bai ji ba tukuna.

Innata, ina jaririya, na taɓa daina kallonki? In na daina, yaushe na dawo?

Hajiya za ta dawo Juma'a. In na yi masa wasa gabanta, ke za a zaga. In na kau da kai, ina tsoron ya saba. Don Allah ki aiko mani da amsa kafin ranar, ko da saƙon murya ne.

Allah Ya ƙara maki lafiya, Ya ja kwana, Ya raya mana shi.

Ɗiyarki ta Damba.