Ranar da Lasifikar Alhaji Ta Tashi

Gumel, daren Laraba, 1976

Yau na gama gyaran tsofaffin lasifika biyun nan da Alhaji Sani ya sayo a kasuwar Maigatari, ya kawo mana gyara a shagon Baba. Kwana tara ina liƙe takardar bakinsu da ta yage, ina sake naɗin waya. Da na jona su da injin faifai, sauti ya fito garau, har maƙwabta suka leƙo.

Baba ya daɗe yana saurare. Tun bara rawar hannu ta raba shi da aiki. Sai ya ce, "Alhamdulillahi. Yanzu ko na kwanta dama, shagon nan ba zai rufe ba."

Takardar ɗaukata aiki a Kano tana aljihuna tun Juma'a, kuma ran Litinin suke nemana. Na buɗe baki zan faɗa masa, sai na ji na ce, "Haka ne, Baba."