Tankin da Ban Wanke Ba

Ƙanina,

Na fita kafin ka dawo. Zan bi motar farko zuwa wurin mai renon dashe, ko Allah zai sa a samu saura.

Da sassafe na zagaya gonar. Barkonon ya tafi. Ganye ya nannaɗe, fure duk ya zube ƙasa. Kunya goma sha huɗu, babu wadda za ta tashi.

Jiya na ce ragwancinka ne, ba ka yi ban ruwa ba. A gaban matarka da 'ya'yanka na ce ba za ka taɓa zama manomi ba. To, ba ƙishirwa ce ta kashe shi ba. Na buɗe tankin feshi na shinshina, warin maganin ciyawa ne a ciki. Ni na feshe bakin hanya da shi ranar Litinin, ban wanke ba, na zuba maganin ƙwari a kai, na bi barkonon da hannuna. Shekara ashirin ina yi wa mutane faɗa a kan wanke tanki.

Kunya biyun bayan rijiya feshin bai kai gare su ba. Su kaɗai suka rage daga irin da Baba ya bar mana. Ka ba su ruwa, kuma kada kowa ya tsinki ko ɗaya, ko na miya ne.

A gaban iyalinka na ci mutuncinka, a gabansu zan janye maganata. Ka tara su kafin in dawo.

Yayanka