Gonar da ta zama ɓauna

Goronyo, Talata

Aikin safe: buɗe ƙofar ruwan dam ta uku, ƙarfe bakwai.

Zuwa ga aminina Tambari,

Bayan gaisuwa da fatan iyali na lafiya. Ka yi haƙuri da rubutun.

Yau matata Azumi ta buɗe gwangwanin irin albasa, ta ciro takardar da na naɗe irin da ita. Takardar dokokin wasan katinmu na gonaki da dabbobi ce, ta Turanci, wadda ta zo cikin kwali, wadda na fassara muna a littafi. Na karanta ta sau huɗu. Ta ce idan katin gona ya zama dabba, to dabba ce ta kowace fuska. In an kashe ta, juji za ta, kamar kowane kati. Ba ta komawa gona.

Ni kuwa na rubuta cewa tana komawa. Na tuna ranar da na yi fassarar. Na ga layin, na ce ai kuskuren masu bugawa ne, yaushe gona ta taɓa mutuwa? Ko shekarar da anka saki ruwan dam ya cinye fadama, da ya janye mun sake shuka. Sai na gyara musu.

Ka san abin da wannan ke nufi. Shekara uku ke nan, a majalisarku ta Wurno, ka tada gonakinka huɗu sunka zama ɓauna, Malami na Rabah ya jefa katin annoba ya kashe su. Ya ce gonakin sun tafi, ba ka da sauran abin wasa. Ni ne alƙali. Na buɗe littafina na ce su koma wurinka, ka ci. Da ya yi gardama na ce da shi, gaban mutane, wai maguɗi yake so ya yi. Tun ranar bai sake zama da mu ba.

Shi ke da gaskiya, Tambari. Mi zan yi?

Naka,
Halliru

Wurno, Laraba

Malam Alƙali,

Muna amsawa. Direba ya miƙo mani wasiƙarka ina tsakar ɗaurin tafarnuwa, sai da na zauna bisa buhu. Innalillahi! Wato shekara uku ina tada matattu ban sani ba? Garin ga duk Sarkin Gona suke kira na, har mai shayi.

Ka ji shawarata. Wa ya ga takardar? Kai da Azumi, ita ko ba ta jin Turanci. Mayar da ita cikin gwangwani, albasa ba ta tsegumi. Dokarka ma ta fi ta Turawa hankali. Su mi sunka sani ga gona?

Malami ya saba da fushinai. Kada ka tone kabari.

Sai mun haɗu,
Tambari

Goronyo, Alhamis

Zuwa ga Yaya Malami,

Assalamu alaikum. Ina gaida Yaya da mutanen gida, in har za a karɓi gaisuwata.

Na fara wannan wasiƙa sau uku ina yagewa. Na gano takardar dokoki ta asali. Gonar da ta zama dabba, in an kashe ta, ta mutu. Kai ka ci wasan Wurno. Ni na canja dokar da hannuna wajen fassara, don na ga kamar na fi masu ita sani, sannan na kira ka mai maguɗi a kanta. Tambari ya ce in yi shiru. Na kasa.

Ka yafe mani don Allah.

Ƙanenka,
Halliru

Rabah, Asabar

Halliru,

Wa alaikumus salam. Na sani. Nawa kwalin ma da takarda ya zo, kuma tana cikin aljihuna a ranar. Har na sa hannu zan fiddo ta, sai na ga Alhaji surukinka zaune bayanka yana kallo. Ban iya kunyata mutum gaban surukinai. Na ce a raina in ka koma gida za ka duba ka aiko mani. Na jira shekara uku.

Abin da anka faɗa bisa tabarma ba a janye shi cikin ambulan. Jumu'a bayan la'asar zan zo Wurno. Ina son duk wanda ya ji ta farko ya ji ta biyu.

Malami

Goronyo, Laraba

Tambari,

Ina gaisuwa. Ga wasiƙar Malami na haɗo maka, ka karanta a zaune. Takardar na aljihunsa, Tambari. Ya rufa mani asiri ina cikin zaginsa.

Jibi zan zo. Sarautarka kuma, kai ka san yadda za ka yi da ita. Na lissafa waɗanda sunka zauna ranar, mu goma sha ɗaya ne, ɗaya ya rasu. Ka tara na Wurno.

Abin da ya rage mani gobe:

Neman wanda zai tsare mani ƙofar ruwa ran Jumu'a.
Saƙo zuwa garin Marnona, mutum biyu daga cikinsu.
Gyaran shafi na tara a littafi, da jan biro.
Gidan Alhaji, in roƙe shi ya zo. Har yanzu ban san ta inda zan fara ba.

Naka,
Halliru