Wa zai wanke hotunan?

Daren Laraba, Birnin Kudu.

Na gaji. Malaminmu na koyon ɗaukar hoto ya ce kowa ya nemi mai sana'ar da zai zauna a ƙarƙashinsa, in ba haka ba babu shaidar kammalawa. Duk wanda na kira, da ya ji muryata sai ya ce, "Hajiya, yaushe ne bikin 'yar taki?"

Yau na je Gwaram wurin Malam Habu mai shagon hoto. Shi kaɗai bai yi mamaki ba. Ya ce, "Ai ke nake nema, Hajiya. Ranar suna a zaure ake tsayar da ni, ke kuwa har ɗakin mai jego za ki shiga."

Na ji daɗi ƙwarai, sannan na tambaye shi wa zai wanke hotunan. Ya yi dariya ya ce, "Wanki kuma? Kwamfuta ce yanzu, ni zan zauna in gyara."

Ke nan matan da za su cire mayafi don sun ga mace, a idonsa za su ƙare, ta hannuna. Na ce sai dai in gyara da kaina. Ya ce zai yi tunani.

Ban iya kwamfutar ba. Ban kuma sani ba ko tsoron Allah ne ya sa na faɗa, ko taurin kaina. Gobe zan roƙi malaminmu ya fara koya mini gyaran. Ya Allah, kada Ka sa in zama tagar da za a leƙa ɗakin wata.