Ƙyallen da Rana Ta Rina

Zuwa ga Sulafa, sanyin idona, iskar da ke tasowa daga teku da la'asar, wadda zuciyata ta zaɓa ba ta yi shawara da ni ba.

Ya kama, Sulafa, launin ya kama!

Kin tuna ranar da kakarki ta haɗa ni da ke in zaga da ke garinmu Sur, tunda ke haihuwar Abijan ce? Na ɗauke ki a kwale-kwalen babana, na nuna miki ginshiƙan mutanen dā kwance a ƙarƙashin ruwa, kifaye na shawagi a tsakaninsu. Na gaya miki dā tsibiri ne garin, sai da wani sarkin yaƙi ya cike teku da duwatsu kafin ya ci mu. Kika ce ashe taurin kai gadonmu ne. Daga nan muka zauna a shagon tsoho Abu Tanus muka ci shinkafa da kifi, mai soyayyar albasar nan, kika tsince ƙanzon kaf kika bar ni da kallo.

A nan tsohon ya ba ki labarin karen da ya tauna katantanwar teku bakinsa ya rine shunayya, da budurwar da ta ce wa mai karen ba za ta saurare shi ba sai ya kawo mata riga mai wannan launi. Ni kuwa da rawar kai na ɗauko zancen aure. Kika share bakinki kika ce, "To Nadim, ai ka ji sharaɗin." Abu Tanus ya kwashe da dariya, ya ce, "Ɗana, gara ka koma kamun kifinka, wannan ta fi ƙarfin komarka."

Wasa kike yi? Ni dai ban ji wasa ba. Wata biyu ke nan ina nutso ina kwaso katantanwa, ina fasawa, ina matse ɗan ruwan cikinta a kan ƙyallen alharini. Wari kuwa ba a magana. Umma ta kore ni daga tsakar gida, ta ce, "Ko dai ka rabu da ƙazantar nan, ko ka nemi wata uwar." Duk wahalar nan, abin da nake samu wani kore-kore ne kamar ruwan kwata, don a ɗakin ajiyar koma nake ɓuya ina yi, inda rana ba ta shiga. Yau da safe raina ya ɓaci, na yi wurgi da ƙyallen kan soro. Da azahar na hau shanya koma, sai ga shi yana ƙyalli, shunayya sak, irin na sama in rana ta kusa faɗawa teku. Ashe rana yake jira! Na zauna a wurin na yi kuka, ban ji kunyar kowa ba.

Na san ranar ashirin ga wata jirginku zai tashi daga Beirut, kuma in kika koma Abijan ban san ranar da zan sake ganinki ba. Wannan ne ke hana ni cin abinci. Yaya zan yi da gaɓar nan in babu ke? Wa zai cinye mini ƙanzo?

Gaskiya ɗaya ba zan ɓoye miki ba. Ƙyallen bai wuce tafin hannunki ba, kuma har yanzu yana ɗan wari. Na auna, in riga sukutum kike so, sai na shekara arba'in ina nutso. Zan yi, wallahi zan yi. Roƙona kawai, kada ki jira ta a Abijan. Ki dawo Sur kafin ashirin ga wata, ki jira ta a gidana.

Naki, wanda ba zai juya ba muddin yana numfashi,
Nadim